Kafso, tukunya da rumbu: me tsirrai ke iya yi wa ciwon daji?

Duk wanda ya leƙa shagunan magungunan gargajiya da na Musulunci a Birnin Kebbi, ko Jega, ko Argungu a 'yan shekarun nan, zai ga kaya sun sauya kama. A da ƙulli ne a leda da saiwa ɗaure da zare. Yanzu kwalabe ne masu sheƙi jere a kanta: kafson zogale, kafson kurkum, man habbatussauda, garin koren shayi, wasu na gida, wasu daga Indiya ko Masar ko Sin. Ba a ce musu magani kai tsaye, ba a kuma ce musu abinci. Sai dai a ce suna wanke jiki, suna ƙarfafa garkuwa, kuma da wuya mai shago ya miƙo kwalba bai ƙara da cewa tana tsare mutum daga ciwon daji ba.

Tsoron da ake cin kasuwa a kansa ba ƙirƙirarsa aka yi ba. Hukumar binciken ciwon daji ta duniya da ke birnin Liyon na Faransa ta ƙiyasta cewa a 2022 kaɗai an samu sababbin masu cutar kusan 128,000 a Najeriya, kusan 80,000 kuma suka rasu. Sankarar mama ce a kan gaba, sai ta mafitsarar maza, sai ta bakin mahaifa. A Kebbi, wanda likita ya ce yana buƙatar gashi da na'ura sau da yawa sai an tura shi Sakkwato ko Zariya ko Abuja, kuma kowa ya san gidan da aka sayar da gona ko shanu a kan wannan jinya. Mutumin da ya ga haka da idonsa, aka nuna masa kwalba aka ce ita ce katanga, ba wauta ba ce in ya sa hannu a aljihu.

Babbar hujjar masu talla ita ce, ai maganin asibitin ma daga itace aka samo shi. Nan kam gaskiya suka faɗa. Binkristin, wanda ake yi wa yara masu sankarar jini da masu sankarar nan da ke kumbura muƙamuƙi, daga wani fure ɗan asalin Madagaska aka fitar da shi, furen da muke shukawa don ado a harabar gidaje da ofisoshi, kuma tun 1963 aka amince da shi. Taxol, da ake amfani da shi a sankarar mama, daga ɓawon wata bishiya ta arewa maso yammacin Amurka ya fito. Amma a duba yadda ya fito. An ɗebi ɓawon a 1962, ba a amince da maganin ba sai 1992, shekara 30 ke nan ana tacewa ana awo. Cibiyar ciwon daji ta Amurka ta gwada ruwan tsirrai sama da 100,000 tsakanin 1960 da 1982, waɗanda suka kai ga zama magani kuwa za a iya ƙirga su da yatsu. Su ma ɗin dafi ne, ana auna tsayin majiyyaci da nauyinsa kafin a ɗaura masa su a ƙarin ruwa, gashi ya zube, jini ya yi ƙasa. Wanda ya tsinko ganyen furen nan ya dafa ya sha ba zai samu binkristin gwargwadon da zai taɓa sankara ba. Ko a nan gida, Niprisan na masu sikila, wanda aka haɗa da masoro da kanumfari da ganyen dawa da wani icce, sai da ya bi ta cibiyar binciken magunguna ta Abuja aka gwada shi a kan marasa lafiya kafin a kira shi magani.

To ina ake samun saƙonnin nan da ke yawo a WhatsApp cewa bincike ya tabbatar kaza na kashe ƙwayoyin kansa? Galibinsu ba ƙarya ce tsagwaronta ba, rabin zance ne. Bincike hawa-hawa ne. Hawa na farko, a zuba ƙwayoyin sankara a ɗan faranti a ɗakin gwaji, a ɗiga musu ruwan tsiro, a ga ko za su mutu. Abubuwa da yawa suna kashe su a nan, har da ruwan gishiri mai kauri. Hawa na biyu, ɓera. Na uku, mutum, kuma a nan ne akasarin alkawura ke faɗuwa, domin abin da aka haɗiya sai ya bi ta ciki da hanji da hanta, a narkar da shi a fitar, kafin ɗan abin da ya rage ya shiga jini.

Kurkum, da wasu ke cewa gangamau, ya isa misali. Sinadarin da ake yabo a cikinsa bai wuce kusan kashi 3 cikin 100 na garin ba, kuma hanji ba ya tsotsarsa sai ɗan mitsitsi. An rubuta dubban takardu a kansa, wani fitaccen mai bincikensa a Amurka ma sai da mujallu suka janye takardunsa da dama saboda hotunan sakamako da aka yi wa kwaskwarima. Har yau babu wani babban gwaji a kan mutane da ya nuna kafson kurkum na hana ciwon daji. Da kamfanoni suka ga jiki ba ya karɓarsa, sai suka riƙa haɗa shi da sinadarin baƙin barkono don ya shiga jini da yawa. Ya shiga ɗin, amma a Italiya a 2019, daga baya kuma a Amurka, likitoci suka fara ganin masu shan irin wannan haɗi suna zuwa da shawara da kumburin hanta. Haka hukumar kula da ingancin abinci ta Turai ta yi gargaɗi a 2018 cewa tataccen sinadarin koren shayi, in ya kai miligiram 800 a rana, yana iya taɓa hanta, alhali shayin da ake sha a kofi bai da wannan matsala. Kanwa kaɗan ce ke gyara miyar kuɓewa, amma ba wanda ke haɗiyar dunƙulenta don ya ji an ce tana da amfani.

Labarin da ya fi kowanne koyar da masana hankali shi ne na beta-karotin, sinadarin da ke ba karas da manja da kabewa launinsu. A shekarun 1980 hujjoji sun taru cewa mutanen da ke cin ganyaye da 'ya'yan itace da yawa, waɗanda jininsu ke ɗauke da wannan sinadari, sun fi tsira daga sankarar huhu. Manyan masana suka gamsu an gano bakin zaren. A Finlan aka ɗauki maza masu shan taba sama da 29,000, aka raba su da ƙuri'a, wasu na shan ƙwayar, wasu na shan ƙwayar da ba komai a cikinta. Sakamako ya fito a 1994: sankarar huhu ta ƙaru da kashi 18 cikin 100 a cikin masu shan sinadarin. Aka ce ko sa'a ce ta ƙi. Sai wani gwajin a Amurka, mai mutum sama da 18,000, ya nuna ƙarin kashi 28 cikin 100, dole aka dakatar da shi a farkon 1996 tun wa'adinsa bai cika ba. Bayan haka aka koma kan bitamin E da sankarar mafitsarar maza, aka gwada a kan maza sama da 35,000, a 2011 aka ga ta ƙaru da kashi 17 cikin 100 a cikin masu shan bitamin ɗin.

Ba karas ne ya yi laifi ba. Wanda ke cin ganye da yawa galibi ya bambanta da wanda ba ya ci ta fuskoki da dama, kuma ganyen kansa ɗaruruwan sinadarai ne haɗe da harza (zare-zaren tsiro da hanji ba ya narkarwa) da ruwa, kowanne ɗan kaɗan. Da aka zare guda ɗaya aka ninka shi sau da yawa aka cusa a ƙwaya, sai ya zama wani abu dabam. Shi ya sa babbar ƙungiyar da ke tattara bincike a kan abinci da ciwon daji a duniya, a rahotonta na 2018, ta sa wannan a jerin shawarwarinta ƙarara: kada a sha ƙwayoyin ƙarin sinadari don rigakafin kansa, a nemi abin da jiki ke buƙata a abinci.

Sai dai akwai gefen da ya shafe mu fiye da Turawa, kuma adalci ne a faɗe shi. A Linshiyan, wani yanki na karkarar Sin inda abinci ya yi ƙaranci kuma sankarar ciki ta yi katutu, an ba mutum kusan 30,000 ƙananan awo na bitamin da ma'adinai daga 1986 zuwa 1991. Waɗanda suka samu haɗin seleniyam da bitamin E da beta-karotin, mutuwarsu ta sankarar ciki ta ragu da kusan kashi 21 cikin 100. Sinadarin da ya cutar da ƙosasshen mashayin taba a Finlan yana cikin haɗin da ya taimaki mai ƙarancin abinci a Sin. A lardin Shandon kuma, an bi sawun mutum sama da 3,000 har shekara 22, aka ga waɗanda suka sha haɗin tafarnuwa na tsawon shekaru sun samu raguwar mutuwa ta sankarar ciki. Amma a wannan gwajin, maganin mako biyu na kashe ƙwayar cutar da ke haddasa olsa shi ma ya rage cutar ƙwarai, kuma hujjarsa ta fi ƙarfi. Abin da nake ɗauka daga nan shi ne cike giɓi yana da amfani ga wanda ke da giɓin, ƙari a kan ƙoshi kuwa ba ya ƙara komai, wani lokaci ma ya rage. Mutumin Aliero da albasa ke cika masa rumfa ba shi da dalilin sayen ta a kafso.

Inda hujja ta fi tsayuwa da ƙafafunta shi ne wurin da ba wanda ke yi wa talla: hatsi da dusarsa. Bincike da yawa da aka haɗa wuri guda sun nuna cewa duk ƙarin giram 10 na harza a abincin yini yana tafiya da raguwar sankarar hanji da kusan kashi 10 cikin 100. Hukumar Lafiya ta Duniya kuma tana ba da shawarar giram 400 na ganyaye da 'ya'yan itace a rana. Gero, dawa, acca, wake, gujiya, kwaɗon zogale da na rama, tafasa, yaɗiya, miyar kuka da ta lalo, goruba, ɗinya, magarya, duk suna cikin wannan lissafi. Abin ban takaici, cigaba a wurinmu yana nufin a surfe hatsi tas a ba dabbobi dusar, a koma ga farar shinkafa da taliya da burodi da lemon kwalba. Kebbi ta yi suna da shinkafa, a nan ma aka ƙaddamar da shirin ba manoma bashi na babban bankin ƙasa a 2015, kuma ba wanda zai raina abin da hakan ya kawo. Amma shinkafar da injin ya goge har tana ƙyalli ta bar mafi yawan harzarta a masana'anta.

Zogale yana da wani abu na musamman. Yana ɗauke da dangin sinadarin da masana a jami'ar Johns Hopkins suka gano a 1992 a cikin wani ganye ɗan gidan kabeji, sinadarin da ke zaburar da hanta ta fitar da guba. Abu ne mai ban sha'awa a ɗakin gwaji, ba a dai kai ga nuna yana hana sankara a jikin mutum ba. Habbatussauda ma haka matsayinta yake a ma'aunin likitoci: sakamako mai kyau a faranti da ɓera, babu gwajin mutane da ya nuna tana hana kansa ko warkar da ita. Falalarta a addini sananniya ce, kuma addinin nan ne dai ya yi umarni da neman magani. Mai cin ta da zuma da safe ba wanda zai hana shi. Wanda zai ce wa mace mai ƙullutu a mama ta zauna a gida ta wadatu da ita, shi ne abin tuhuma.

Ni a ganina, babbar alaƙar tsirrai da ciwon daji a ƙasarmu ba a shago take ba, a rumbu take. Akwai wata funfuna da ke kama gyaɗa da masara idan fari ya taɓa su a gona, ko aka tara su da danshi, tana fitar da guba mai suna afulatoksin. An gano ta ne bayan da talotalo kusan 100,000 suka mutu a Ingila a 1960 saboda tunkuzar gyaɗa da aka ba su. Tana cikin rukunin farko na abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara a jikin ɗan Adam, hanta kuma take nufa. Idan ta haɗu da ciwon hanta nau'in B, haɗarin yana ninkuwa har kusan sau 30, binciken ƙasa na 2018 kuma ya nuna kusan kashi 8 cikin 100 na manyan Najeriya na ɗauke da wannan ƙwayar cuta, mafi yawansu ba su sani ba. Magidancin da cikinsa ya kumbura, idonsa ya yi rawaya, ya rasu cikin 'yan watanni yana ɗan shekara 40, aka ce sammu ne, sau da yawa wannan haɗuwar ce.

A tsaya kusa da mai tsintar gyaɗa a ga yadda abin ke tafiya. Tana zaune da faifai a cinya, masu kyau da ƙiba tana zuba su a kwano na kasuwa. Ƙanƙararru, da fasassu, da waɗanda suka yi baƙi ko kore-kore, suna tafiya wani ƙoƙo a gefe. Ba zubar da su za a yi ba. Su ne na kunun gida, ko a sayar da arha ga mai ƙuli-ƙuli, ko a watsa wa kaji. Ka ce mata, "Inna, waɗannan baƙaƙen fa?" Ta ce, "Haba ɗana, ai in an soya wuta ta kashe komi." Wuta tana kashe funfunar, amma gubar tana jure zafin suya da na dahuwa. Idan an matse mai, kaso mai yawa yana zama a tunkuza, wato a ƙuli-ƙulin da muke dakawa mu zuba a kwaɗon zogalen da muka gama yabo, mu barbaɗa a tsire. Gubar tana bi ta nonon saniya, tana bi ta nonon uwa.

Maganin wannan ba ya buƙatar kwalba. A wasu ƙauyukan Gini an koya wa manoma su tsince gyaɗa da hannu, su shanya ta a tabarma maimakon ƙasa har ta bushe ƙarau, su zuba a buhun algarara, su ɗora a kan katako. Da aka auna jininsu, a sakamakon da aka wallafa a 2005, alamar gubar ta ragu da fiye da rabi idan aka kwatanta da ƙauyukan da ba a yi haka ba. A Cidon, wani yanki na Sin da ya yi ƙaurin suna da sankarar hanta, cutar ta ragu sosai bayan da mutane suka bar dogaro da masara mai funfuna suka koma shinkafa daga tsakiyar shekarun 1980. A nan gida cibiyar binciken noma ta ƙasa da ƙasa da ke Ibadan ta samar da Aflasafe, wanda ake watsawa a gona makonni kafin amfani ya yi fure, wata funfuna marar guba ta mamaye wurin ta hana mai gubar sakat. Da jami'an gona da na lafiya a Zuru da Yawuri da Danko-Wasagu, inda masara da gyaɗa ke da yawa, za su ɗauki wannan a matsayin aikin yaƙi da kansa, da sun yi abin da shagunan kafso duka ba za su yi ba.

Sauran rigakafin da aka tabbatar sananne ne, sai dai ba shi da mai lasifika. Allurar ciwon hanta nau'in B tana cikin allurar yara a Najeriya tun 2004, ta farkon kuma ana son a yi ta cikin awa 24 da haihuwa, abin da ke da wuya inda galibin haihuwa a gida ake yi. Taiwan ta fara yi wa jarirai ita a 1984, sankarar hanta a yara ta faɗi ƙasa. Allurar da ke kare 'yan mata daga ƙwayar cutar da ke jawo sankarar bakin mahaifa ta shigo tsarin ƙasa a Oktoban 2023, kyauta, ga 'yan shekara 9 zuwa 14. Shayar da nono, da matanmu ke yi har kusan shekara biyu, yana rage haɗarin sankarar mama da kusan kashi 4 cikin 100 a kan kowane wata 12. Sai barin taba da gwajin bakin mahaifa. Kebbi ba baƙuwa ba ce a wannan fage, domin Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, likitar yara kuma matar tsohon gwamna, ta daɗe tana wannan kira ta gidauniyarta, har a 2024 aka zaɓe ta shugaba mai jiran gado ta haɗaɗɗiyar ƙungiyar yaƙi da kansa ta duniya.

Ɓarnar kwalba mafi girma ba a hanta take ba, a lokaci take. Masu bincike a jami'ar Yale sun bi bayanan majiyyata a Amurka waɗanda sankararsu ba ta bazu ba, suka ƙi asibiti suka zaɓi maganin gargajiya zalla. Sakamakon da suka fitar ya nuna haɗarin mutuwarsu ya ninka na masu zuwa asibiti sau biyu da rabi, a sankarar mama kuwa sama da sau biyar. Wannan a ƙasar da asibiti ke kusa ke nan. A wurinmu mace za ta ji ƙullutu kamar ƙwayar gujiya, ta ɓoye don kunya da tsoron a yanke, a shiga shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, sai ya fashe yana wari sannan a ɗauko ta. Daga nan sai a ce asibiti ba sa warkar da daji, maƙwabciya ta ji, ita ma ta ƙi zuwa da wuri. Ko wanda ya fara karɓar magani a asibiti, wasu tsirran suna sa hanta ta yi saurin fitar da maganin ko ta riƙe shi ya yi yawa a jini, don haka ɓoye wa likita abin da ake sha a gida ganganci ne, likitan da ke yi wa majiyyaci tsawa don ya faɗa kuma shi ke koya masa ɓoyewa.

Wanda duk da haka ya ga zai sayi kwalba, to ya juya bayanta. Lambar NAFDAC da mai shago ke nunawa da yatsa, a kayan tsirrai galibi tana ƙarewa da harafin L. Ma'anarta an yi wa kayan rajistar wucin gadi bayan an duba ba su da guba ta nan take, ba wai an gwada an ga suna maganin abin da aka rubuta ba. A ƙasa, da ƙananan baƙaƙe na Turanci, akwai layin da ke cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba. Dokar talla ma ba ta yarda a ce wani haɗi yana warkar da kansa ba, shi ya sa ba kasafai ake buga wannan alkawari a jikin kwalba ba, a bakin mai sayarwa ake jin sa.